Jinin Mutum Goma Sha Biyu a Kan Teburin Duwan

Maryam, Hassana, da ke Ummi mai tambayar tsiya, ga shi na rubuta. Wata biyu ke nan da dawowata kuna bi na da "ya Yamai?" ni kuma ina ce muku lafiya lau, zafi ne kawai. Ƙarya nake yi. Da baki ba zan iya faɗa ba, don na san Ummi za ta katse ni sau goma, ni kuma in aka katse ni masifa nake farawa. Ku karanta har ƙarshe. Kada wadda ta kira ni a tsakiya.

Bari in fara da aikin, tunda har yau Hassana cewa take yi Rukayya nas ce. Ni ba nas ba ce. Sakandare na gama, na samu aiki a wani ɗakin gwajin jini a nan cikin gari. Ina wanke kwalabe, ina manna lamba, ina goge benci. Da aka fara wani aiki a kan tarin tibi, ni aka tura unguwarmu Badarawa in shawo kan mutane su ba da jini, saboda ni 'yar gida ce kuma bakina ba ya mutuwa. Kun san abin da ake faɗa: wai sayarwa ake yi, wai tsafi ne. Gida-gida na bi. Na rantse, na sa sunan Babana a gaba. Mutum talatin da shida suka yarda, kowa ɗan kaɗan, don da an nufi sirinji na biyu harara take farawa.

Anti Rifkatu ce ta fahimtar da ni abin da ake nema a jinin. Ita ce babba a ɗakin gwajin, ta fi shekara ashirin a aikin, kuma ita ta koya mini riƙe kwalba. Ta ce a cikin jini akwai fararen ƙwayoyi, sojojin jiki. A cikinsu akwai wani iri da ake kira ƙwayoyin T. Kowace ɗaya abokin gaba ɗaya tak ta sani, kamar mai gadin da aka nuna wa hoton ɓarawo guda. In cutar tibi ta taɓa shiga jikin mutum, ko bai taɓa yin tari ba, za a samu 'yan tsiraru a cikin dubbai da suka haddace ta. Su ake so a ƙirga. Sai a ware fararen daga jan jinin, a zuba a 'yan kwalaben roba da ba su fi ƙaramin yatsa ba, a daskarar da su a hankali da ransu. Da ransu fa. Matacciyar ƙwaya ba ta gane kowa.

Ƙirgar ba a Kaduna za a yi ta ba. Dokta, mai wurin aikinmu, sun yi yarjejeniya da abokan aikinta na Yamai cewa jinin nan da na can duk a ɗaki ɗaya za a gwada, da hannu ɗaya, don kada a ce bambancin daga masu gwajin ya fito. Saboda haka sai an ɗauka an kai. Abin ɗaukar tulun ƙarfe ne da ya kusa kai mini ƙugu, an shayar da cikinsa ruwan naitirojin, sanyin da in an ɗaga murfi hayaƙi ke tashi. A ciki akwati uku ne a kan juna, kowanne na mutum goma sha biyu. Babu ragowa a gida, duk abin da muka tara ke nan. Doka biyu ce: kada tulun ya kwanta, kada a buɗe shi.

Anti Rifkatu ce ta roƙa a haɗa ta da ni, wai in ga yadda ake ƙarasa aikin da na fara. Babana bai yarda ba sai da ta zo gida da kanta ta zauna a tabarma ta ce, "Alhaji, amana ce na karɓa." Mama ta ƙulla mini dambun nama, ta ce, "Wannan na ciki ne. Na baki kuwa ba ni da maganinsa, sai dai ki riƙe."

Muna idar da asuba muka tashi. Direban, Malam Sahabi, Basakkwace ne, dogo, mai tsoron rami kamar shi ya haƙa. An ɗaure tulun da bel a kujerar baya, ni a gefensa kamar 'yar rakiyar amarya. A Rigachikun muka tsaya muka sha koko da ƙosai. Daga nan shingaye suka fara. Kowane shinge tambaya ɗaya: "Gas ne?" Anti Rifkatu sai ta miƙa takarda tana murmushi, ta ce, "Ɗana, maganin asibiti ne, ba a buɗewa." Kowa ɗanta ne, har mai furfura. Ni ina baya ina tsaki a ciki, ina duba agogo.

Tsakanin Funtuwa da Gusau babu mai magana. Malam Sahabi yana jan carbi da hannu ɗaya, Anti tana rera waƙar cocinsu ƙasa-ƙasa. Nan ne kokon Rigachikun ya tashi nemana. Na ce a tsaya. Malam Sahabi ko juyowa bai yi ba, ya ce, "Nan? Ko ɗiyar sarki ta, ba ni tsayawa." Awa ɗaya da rabi na yi da ƙafa a harɗe, ina zaginsa a zuci. Ya fi ni gaskiya, amma ranar ban ce masa haka ba.

A Sakkwato muka sauka. Mai masaukin ya ce atafau tulun ba zai shiga ɗaki ba, wai kada ya tashi da ginin. Na buɗe baki zan gaya masa abin da ya dace da shi, Anti ta taka mini ƙafa. Ta zauna ta yi masa bayani tiryan-tiryan, ta tambayi 'ya'yansa, ta gaya masa maganin ƙaiƙayin da ke damun ƙaramin. Ƙarshe da kansa ya kama kunnen tulun aka shiga da shi, ya kuma aiko mana da fura mai sanyi. Furar Sakkwato, ku yi haƙuri, tamu ta Kaduna ruwan wanke ludayi ce. Da safe na ga Anti ta dafa murfin tulun tana cewa, "Mutanena, kun tashi lafiya?" Haka take kiran ƙwayoyin. Na yi mata dariya.

Yanzu ga inda nake ta kewayewa.

Mun wuce Illela babu matsala. Mun shiga ɓangaren Konni rana ta take. Anti da Malam Sahabi suka tafi da fasfo da katin allura wani ofis can gaba. Aka sauke tulun a rumfar 'yan duwan, wato kwastan ɗinsu, don a buga wa takardunsa hatimi. Anti ta ce, "Zauna da su. Kada ki motsa."

Jami'in da na samu wani siriri ne mai tsagar fuska. Ya karanta takardun ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye, ya ce, "Madamazel, takardunku lahiya lau suke. Hatimi ɗai ya rage. Shef, babbanmu, ya tahi cin abinci, sai ƙarhe ukku."

Na ce, "Ƙarfe uku? Yanzu fa sha biyu da rabi!"

"Haka na. Ki zamna, ga benci."

Ashe su can haka al'adarsu take. Rana na tsakiya ofis yake mutuwa, kowa ya je ya ci, ya yi salla, ya kishingiɗa, sai la'asar ta kusa. Na ce masa a ƙasarmu ofis ba ya barci da rana. Kun san ƙarya ce, namu da ido biyu yake barci. Ya ci gaba da fifita da wani kwali.

A rumfar akwai wasu mata 'yan kasuwa su ma suna jiran shef ɗin. Wata mai jiki, da buhunan albasa a gabanta, ta zunkuɗo baki wajen tulun ta ce, "Ke ɗiya, mi ka ciki? Gawa?"

Na ce, "Jinin mutane ne, na gwaji."

Sai salati ya tashi. "Jini? Wa za a kai ma?" Wata ta ja zanenta ta matsa. Mai albasar ta ce, "Wanga dai mun san zancen. A ɗebe na talakawa a kai ma manya." Maganar da na yi wata uku ina yaƙi da ita a Badarawa, ga ta ta tsallako iyaka ta riga ni. Kaina ya yi zafi. Na ce a raina bari in nuna musu, shi ma jami'in ya gani da idonsa ya buga mini hatimi mu wuce.

Na kwance bel ɗin da ya danne murfin, na ɗaga shi. Hayaƙi ya taso, matan suka ja da baya, ni kuwa daɗi ya kama ni. Safar hannun tana mota, ban ma tuna da ita ba. Na sa hannu na zaro akwatin sama, na ɗora a kan teburin mutumin, na buɗe. Yatsuna uku suka yi kamar na kama garwashi, amma na daure don kada su gani.

Jami'in ya miƙe tsaye. Ya ce, "Ni ban ce ki buɗe ba. Takardarku ta ce ba a buɗewa. Maida shi."

Na ce, "Sai ka buga hatimi."

"Hatimin na aljihun shef."

"To sai ya zo ya same shi a nan."

Wallahi haka na ce. Na naɗe hannu na tsaya. Matan suka matso suna leƙe. Mai albasar ta ce, "Wanga ai ba jini ba na, ruwan shinkafa na." Na tsaya ina yi mata bayanin farar ƙwaya da jar ƙwaya, ina jin kaina likita. Jami'in ya sake cewa in mayar, sau biyu. Ƙanƙarar da ke jikin akwatin ta narke, ruwa ya gangara ya jiƙa masa littafi. Na ɗauki kwalba ɗaya don in nuna mata lambar da na manna da hannuna. Na karkata ta. Abin ciki ya motsa.

Na cusa kwalbar a gurbinta. Na mayar da komai da sauri, na rufe, na ɗaure bel. Ya kai minti ashirin.

Anti ta dawo da ruwan sanyi da wani burodi dogo kamar sandar makiyayi. Ta dafa tulun ta ce, "Mutanena suna lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau."

Jami'in ya dube ni. Ya dubi Anti. Ya ci gaba da shanya littafinsa. Ƙarfe uku shef ya zo yana sakace, ya buga hatimi, ko kallon tulun bai yi ba.

Kafin Dogonduci yatsuna sun yi bororo. Anti ta gani ta kama hannun. Na ce butar shayin 'yan duwan ce ta ƙona ni. Ta yi faɗa, wai mutane ba sa lura da yara, ta shafa mini man da ke jakarta, ta ɗaure da hankicinta. Ina kallon tagar mota ina gaya wa kaina ai sun koma sanyi, sun sake daskarewa, shi ke nan. Alhali na sani. Ita ta koya mini cewa daskarewa sau ɗaya ce, kuma a hankali. In ƙwaya ta narke aka sake jefa ta sanyi, ƙanƙara ce ke tsirowa a cikinta ta farke ta.

Yamai dai gari ne, ga kogi, ga gada. An sauke mu a wasu ɗakuna biyu a bayan ɗakin gwajin, masu tsabta, da gidan sauro. Abin da ya fara ba ni mamaki mata ne a kan babur, da mayafinsu da jakarsu, wata har da goyo, ba mai kallonsu. Na ce a unguwar Kawo a gwada wannan a ga taro. Rabin garin Zabarmanci suke yi, "fofo" ita ce sannu, da ita na rayu. Da safe burodin nan ne da shayi. Da rana shinkafa, ko dambu da kwaɗon zogale da suke kira kopto, wanda yake abinci ne sosai a wurinsu, ba abin taɓa ka lashe ba kamar namu. Kuma kowace safiya ba a fara aiki sai an bi kowa an gaisa, tun daga shugaba har mai shara, a tambayi gida, a tambayi gajiya. Da a da ne da na ce ɓata lokaci ne. Wannan karon ban ƙi a yi ta gaisuwar har yamma ba, don kada a zo kan tulu.

Mai gwajin sunanta Madam Aisa, doguwa, 'yar Maraɗi, Hausarta da Faransanci a cakuɗe. Ba ta da yawan dariya, amma ta ja ni a jiki, ta ce ta ji ni na tara mutanen. Ranar farko aka fara narkar da kwalaben a ruwan ɗumi, ɗaya-ɗaya, da sauri. Kowacce sai an ɗebi ɗigo an haɗa da wani shuɗin ruwa an duba a madubin likita. Ƙwaya mai rai ba ta shan shuɗin, sai ta yi ta ƙyalli. Matacciya kuwa sha take yi. Akwatin ƙasa ya yi kyau. Na tsakiya ya yi kyau, har Madam Aisa ta ce, "Rifkatu, hannunki na da albarka." Aka zo na sama. Ta duba, ta daɗe. Ta sake ɗiban wani. Sannan ta ce mini, "Zo ki gani, ki koya."

Na sa ido. Kamar an watsa bula a farin zane.

Anti ta ce, "Wane akwati ne?" Aka karanto lambobin. Ta zauna a kujera a hankali. Ta ce, "Makon da janareta ya mutu mana ne. Ni kaɗai na daskarar da waɗannan. Na ɗauka na tsere da su." Ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

Ga ƙofa a buɗe, kun gani ko? Ba ni na nemo janaretan ba, ita ta kawo shi da bakinta. Ni dai shiru kawai na yi. Na ce wa kaina wa ya sani, wataƙila ma janaretan ne.

Madam Aisa ta ce a bar 'yan ƙwayoyin da suka rage da rai su huta zuwa gobe, a gwada duka, a ga abin da Allah zai yi. Washegari aka yi gwajin da muka zo dominsa. Sunansa Elispot, amma su gwajin ɗigo suke cewa. Faranti ne na roba mai ƙananan ramuka casa'in da shida. Kowane mutum ana ba shi rami iri uku. Na farko ƙwayoyinsa kawai, ba a sa musu komai, don a ga ko masu ihun banza ne. Na biyu a sa musu ɗan ɓarɓashin cutar tibi, wanda ba ya cutarwa. Duk ƙwayar da ta san shi sai ta fitar da wani sinadari, ihunta ke nan, ƙasan ramin kuma an shafe shi da abin da ke kama sinadarin a daidai inda ta zauna. Na uku a sa wani magani da ke tayar da kowace ƙwayar T, ta san tibi ko ba ta sani ba, in dai tana da rai. Sai a sa farantin a ɗumi ya kwana, a wanke, a zuba rini. Duk inda ƙwaya ta yi ihu sai ɗigo ya fito. Ɗigo ɗaya, ƙwaya ɗaya.

A cikin jiran Madam Aisa ta nuna mini wata babbar na'ura da ke tura ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya ta gaban haske, bayan an sa musu wata ƙugiya mai launi da ba ta maƙale wa kowa sai wadda ta san cutar. Ta ce in na dage zan iya koyon wannan ma. Na ce to. Ta kai mu gidansu cin abinci, tsohuwarta ta yi ta tsokanata, wai 'yan Najeriya da gudu aka haife mu. Aka yi shayi zagaye uku, na farko ɗaci kamar maɗaci, kuma ba a tashi sai an sha na ukun. Anti ko loma uku ba ta yi ba. Tsohuwar ta ce ko abincin bai yi ba ne, Anti ta ce a'a Mama, ciki ne. Ni na cinye nawa. Wannan ma ku rubuta a kaina. Har kasuwa na je na sayo muku kilishin da kuka yi ta santi.

Ranar karatu aka sa farantan a na'urar da ke ɗaukar hoton kowane rami ta ƙirga ɗigon. Mutanen akwati biyu na farko abin sha'awa. Ramin farko fari. Na uku cike da ɗigo kamar jikin zabuwa. Na biyu kuwa wani fari, wani da ɗigo talatin, wani ya fi. Madam Aisa tana nunawa tana cewa wannan jikinsa ya taɓa haɗuwa da cutar, sai likita ya duba shi, wannan bai taɓa ba. Aka zo kan sha biyun. Ramin farko fari. Na biyu fari. Na uku, wanda ya kamata ya cika, fari fat.

Na yi ƙarfin hali na ce, "To ba shi ke nan ba su da ita ba?"

Ta juyo ta dube ni. Ta ce, "A'a. In kin yi sallama gida ba a amsa ba, ba ki cewa mutanen gidan lahiya suke. Ba kowa ciki. Don haka muke yin rami na ukku. Ba don shi ba, da mun aika ma mutum sha biyu cewa ba su da komi, wataƙila cikinsu akwai mai bukatar magani."

Da aka tashi hutun rana Anti ta kira ni ɗakinta. Tana zaune a bakin gado. Ta miƙo mini wayarta ta ce idonta ya gaji, in rubuta wa Dokta saƙo, za ta faɗa. Na karɓa da hannun da hankicinta yake ɗaure.

Ta ce, "Rubuta. Dokta, barka da rana. Akwati ɗaya ya lalace, mutum goma sha biyu. Laifina ne, ban kula da kyau ba ranar da wuta ta ɗauke." Na rubuta. Sannan ta ce, "Ƙara. Ina ganin a ba wani aikin daskarewar, ni hannuna ya fara tsufa."

Na rubuta "Ina ganin". Yatsan ya ƙi gaba.

Na ce, "Anti, ba janareta ba ne."

Ban iya tsara shi ba. Haka na zubo shi, da mai albasa, da teburin, da butar shayin da babu ita. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta tashi ta fita, ta dawo da Madam Aisa, ta ce, "Maimaita." Na maimaita. Na ɗauka Madam Aisa za ta zage ni, da na ji sauƙi. Sai ta ciro biro ta ce, "Minti nawa? Cikin rana ko inuwa? Akwatin ɗai ko har sauran?" Ta rubuta duka a littafin aiki, da sunana. Ta rufe ta ce, "Da kin hwaɗi tun ranar hwarko, da ba mu ɓata magani da kwana ukku bisa gawa ba." Ta fita.

Anti ta daɗe tana kallon hannuna. Ta ce, "Buɗewar ba ta dame ni ba, Rukayya. Yaro yana ɓarna. Amma kwana uku kina zaune kusa da ni ina kasa haɗiye abinci." Na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta ce, "Tashi. Goge abin da na faɗa. Rubuta naki, ki sa sunanki, ki tura." Na rubuta, ta karanta, ta gyara mini minti sha biyar da na sa ta mayar ashirin.

Dawowa ba abin ba da labari ba ce. Tulun ba komai a cikinsa, ni da shi a baya. Malam Sahabi ya yi ta jan mu da hira har Doso, da ya ga ba mai amsawa ya kunna rediyo. A Konni jami'in nan yana nan da kwalinsa. Na je na gaishe shi, na tambayi gida, na tambayi gajiya, na ce ya yi haƙuri da littafinsa. Ya ce, "Ba komi, ya bushe." Anti ba ta yi mini faɗa ba ko sau ɗaya har Kaduna. A Zariya ta saya mini ruwa. Na gwammace mari.

Dokta ba ta kore ni ba. Ta ce tunda ni na karɓo jinin da bakina, in koma gidajen sha biyun da bakin nan nawa, in faɗa musu abin da ya faru yadda ya faru, in roƙi wani. Ta hana a raka ni sai mai ɗiban jinin, shi ma a waje zai tsaya har sai an yarda.

Abin da nake yi ke nan duk ranakun da kuke cewa na yi wuyar gani. Uku sun ƙi. Ɗaya daga cikinsu ta ce dama ta san sayarwa muka yi, yanzu mun dawo ƙari. Wani a cikin ukun ya kai ƙarata wurin Babana, Babana kwana biyu bai amsa gaisuwata da kyau ba. Takwas sun yarda, wasu da dariya, wasu da guntun tsaki.

Na ƙarshe shi ne Baba Audu tela, na bakin masallaci, wanda ya ɗinka mana kayan makaranta tun muna firamare. Shekaranjiya na je. Yana kan keke, bai daina taka shi ba har na gama, tun daga hutun ranar 'yan duwan har saƙon da na kusa turawa da sunan Anti. Sai ya tsaya, ya cire zaren da ke bakinsa.

Ya ce, "Wato jinina ya je har Nijar ya sha rana a kan tebur."

Na ce, "E, Baba."

"Shi mutumin ya ce ki mayar?"

"Sau uku."

Ya girgiza kai. Ya fara naɗe hannun rigarsa a hankali, ya kai gwiwar hannu, sai ya dakata.

"Wannan karon wa zai kai?"

Na ce, "Anti Rifkatu ce da wani. Ban da ni."

Ya ce, "To kira mai allurar."